Gefen B Na Kaset Ɗin Baba



Ni dai ba masanin kwamfuta ba ne, kada mai karatu ya ji na fara ambaton wayoyi da maɓallai ya ɗauka wani injiniya ne ke magana. Malamin makaranta ne ni, Hausa nake koyarwa a wata sakandare a nan Kano, kuma iyakar abin da na iya da kwamfuta shi ne buga tambayoyin jarrabawa da ɗan rubuce-rubucen da nake taɓawa in dare ya raba. Amma akwai wasu maɓallai guda biyu, kowannensu bai fi ƙwayar wake ba, da suka hana ni barcin kirki na kusan mako uku a shekarar 2024, har suka so su shiga tsakanina da mahaifiyata. Labarinsu nake so in ba ku, sai dai dole in ɗan koma baya tukuna, domin in ba haka ba za ku ce wannan malami ya rasa abin yi ne.

Baba, Allah Ya jiƙansa, tela ne. A 1983 ya bi jirgin alhazai ya sauke farali, sai ya yi zamansa a Jidda yana ɗinki kamar yadda teloli da dama suka yi a wancan zamani, bai dawo gida gaba ɗaya ba sai 1989. Lokacin babu salula, wayar tangaraho kuwa sai gidan wane da wane. Wasiƙa tana nan, to amma Inna ba ta karatun boko, ajamin ma ba ya gudu a hannunta, don haka duk wasiƙar da ta zo sai an nemo mai karantawa, mai karantawa kuwa kunne ne na uku. Sai Baba ya koma aiko da kaset. Duk sa'ad da aka samu alhajin da zai dawo, ko wata daga cikin 'yan Kano-Jidda, sai ya ba da saƙo: turare, ɗan yadi, da kaset guda a naɗe cikin leda.

Waɗanda suka tashi a irin gidajenmu sun san yadda abin yake. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a ɗauko rikoda a zuba mata manyan batura, kowa ya yi tsit. Sai ka ji ƙarar iska, sai gyaran murya, sai sallama. Baba zai gaida kowa da sunansa, tun daga kan Kaka har zuwa kan almajirin da ke yi mana ɗiban ruwa, ya tambayi lafiyar akuyar da ya bari da ciki. Na tuna wani kaset da ya kusa cinye rabinsa yana tambayar ko an samu an canza kuɗin da ya bari a hannun Kawu, lokacin canjin kuɗi na 1984, da yake 'yan kwanakin da aka bayar ba su da yawa. In zaren ya ƙare, maɓallin rikoda ya yi ƙas ya ɗago, to hira ta tashi. Babu mai cewa a juya. Inna za ta zare kaset ɗin ta ƙulle a gefen zaninta, kowa ya nufi makwancinsa. Ba wanda ya taɓa gaya mana, amma har ƙaraminmu ya san gefen A na gida ne, gefen B kuwa na mutum ɗaya ne.

Baba ya rasu a 2019. Idanun Inna kuma suka yi ta ja da baya, likitoci suka ce gilakoma ce, wadda wasu ke kira hawan jinin ido, kuma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Yanzu haske da inuwa kawai take rarrabewa. Bayan Babbar Salla ta 2024, wata rana da hantsi, ta aika a kira ni. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, ban taɓa jin sa a bakinta ba tun da na yi wayo. Na durƙusa, ta turo mini wani tsohon gwangwanin biskit da ƙafa, tana kallon bango.

"Kai, an ce yanzu ana zuba irin waɗannan a cikin na'ura."

Na buɗe. Kaset 14 ne, wasu C60 masu minti 30 a kowane gefe, wasu C90 masu minti 45. Rikodar gidanmu ta daɗe da mutuwa.

Aikin zubawar bai ba ni wahala sosai ba. Na samu wata 'yar na'ura mai kama da Walkman ɗin da muka yi yayi, amma ita da wayar USB, na haɗa da kwamfutata ta tafi-da-gidanka, na yi amfani da manhajar Audacity wadda kyauta ake saukar da ita. Biyu daga ciki zarensu ya cukurkuɗe ya tsinke, na yanke inda ya lalace na liƙe da salatif, na naɗe da biro kamar yadda muke yi muna yara. Gefen A na saurara, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Gefen B kuwa sai na kashe sauti gaba ɗaya na zauna ina kallon allo. Ita Audacity tana zana murya ne da shuɗin layi, to a gefen A zanen kauri gare shi kamar kunyar dawa, a gefen B kuwa siriri ne kamar zaren ɗinki, can kuma sai ka ga ya yi tsalle sama ya dawo. Na gane dalili ba tare da na ji ba. A ɗaki ɗaya suke kwana da abokan aikinsa, sai sun yi barci yake ɗaukar wannan gefen, ƙasa-ƙasa. Tsallen kuwa ko ƙahon mota ne, ko tarin wani, ko ya gyara zama ya bugi rikodar.

Ma'anar wannan ita ce duk mai sauraron gefen B dole hannunsa ya zauna a kan abin ƙara sauti da ragewa. Ka ƙara don ka ji raɗa, ka rage kafin ƙaho ya fasa maka kunne. Mai ido zai yi wannan da linzami ko da maɓallan jikin kwamfuta. Inna fa? A jikin allon rubutu na kwamfutata maɓallan sauti suna can layin sama, ƙanana, duk girmansu ɗaya, kuma sai ka haɗa da wani a ƙasa kafin su yi aiki. In kuwa aka ce sai ta kira wani ya riƙa ƙara mata yana rage mata, to an koma zamanin mai karanta wasiƙa. Na san Inna, gara ta haƙura.

Sai na ce ai abu mai sauƙi ne. Ina da iyafis na wayata mai maɓalli uku a jikin igiyarsa, na ƙarawa, na ragewa, da na tsakiya. A waya yana aiki tsaf. Na soka shi a jikin kwamfuta, sauti ya fito tar a kunne biyu. Na danna na sama, shiru. Na danna na ƙasa, shiru. Na zare na hura ramin, na goge bakin da gefen rigata, na sake sokawa, na kashe kwamfutar na kunna har sau uku, domin ita ce dabarar da na fi ƙwarewa a kanta. Na mayar da shi waya, yana aiki. Na dawo da shi kwamfuta, kamar an danna dutse.

Ranar Asabar na saɓa jakata na nufi titin Beirut. A nan akwai wani tsohon ɗalibina da ke gyaran waya da kwamfuta, yaron da na sha ba shi sifili a insha'i saboda ba ya iya cika shafi guda. Yana ganina ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Na yi masa bayani ba tare da na ambaci kaset ba. Bai ma buɗe kwamfutar ba, iyafis ɗin ya karɓa ya ɗaga bakinsa saitin idona.

"Malam, zobe nawa ka gani baƙaƙe?"

Na ce uku.

"To gaɓa huɗu ke nan, kamar rake. Ta can baki kunnen hagu ce, mai bi mata kunnen dama, ta uku giraun, ta gindi kuma makirufo. Ina gaɓar maɓalli?"

Na duba na ce babu.

Ya yi dariya, irin dariyar wanda ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya ɗauko mitarsa ya ɗora tsinke ja da baƙi a kan gaɓa ta uku da ta huɗu, ya ce in danna na tsakiya. Lambar ta faɗo kusan sifili. Na danna na sama, ta nuna ɗari biyu da wani abu. Na danna na ƙasa, ta haura ɗari uku da yawa. Ashe duk zatona kuskure ne. Ni na ɗauka maɓallin kamar kan famfo yake, yana matse sauti ko ya sake shi. Ashe ko kusa da sautin ba ya zuwa. A kan layin makirufo yake hawa, kowane maɓalli da ɗan rasistansa a ciki, kuma a ƙa'idar da Android ta shimfiɗa na ƙarawa om 240 ne, na ragewa om 470, na tsakiya kuwa haɗe layin yake yi kai tsaye. Ita waya tana da abin da ke zaune yana auna wannan layi ko da yaushe, da ta ga lambar ta sauya sai ta ce an danna kaza, ita ce kuma za ta ƙara sautin da kanta. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da wannan mai gadi a ramin nasu. Suna karɓar makirufo, suna ba da sauti, amma saƙon maɓalli yana zuwa ne ya tarar babu kowa a zaure.

"Iyafis ɗinka lafiyarsa ƙalau, Malam, kwamfutarka ma haka. Yaren juna ne ba sa ji."

Ya ƙara mini da cewa ko a tsakanin wayoyi ma ba a taru an zama ɗaya ba. Akwai tsari biyu na jera gaɓoɓin nan, CTIA wanda kusan kowa ke bi yanzu, da OMTP na tsofaffin wayoyi irin su Nokia da Sony Ericsson na wancan lokaci, inda giraun da makirufo suka yi musayar wuri. Shi ya sa a da in ka ari iyafis ɗin wani sai ka ji waƙa kamar daga cikin rijiya, sai ka danne maɓallin tsakiya muryar mawaƙin ta fito. Wallahi na tuna wannan ya sha faruwa da ni, na riƙa zagin masu sayarwa a banza. Na Apple kuma nasu salon dabam ne, shi ya sa maɓallan sautinsu ba sa aiki a yawancin wayoyin Android. Duk wannan a ɗan ƙarfen da faɗinsa milimita 3.5 ne. Yaron da bai iya cika shafi ba ya yi mini lacca ta minti ashirin babu tuntuɓe, na fara tunanin ko tambayoyin insha'ina ne suke da matsala.

Ya ce mafita biyu ce. Ko in nemi hedifon mai 'yar taya a igiya, irin waɗanda muka saba gani a kafe-kafen intanet a shekarun 2000, masu baki biyu kore da ruwan hoda. Shi wannan famfon gaske ne, tayar ce ke matse sautin, ba ruwansa da abin da aka soka shi a ciki. Ko kuma in sayi mai USB. Muka zaga shaguna, mai taya guda ɗaya muka samu, da aka gwada kunnen hagu ya mutu kuma tayar tana ƙarar-ƙarar saboda ƙura. Sai na sayi mai USB, babba mai soso, da ɗan akwati a tsakiyar igiya mai ɗauke da maɓallai manya da yatsa zai iya lalubawa. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

A nan na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai na runtse ido.

Bayan magariba ne, muna falo, da matata da yara uku da ƙanwata da ta zo wuni. Zumuɗi ya hana ni gwadawa ni kaɗai tukuna. Na sa aka riƙo hannun Inna aka zaunar da ita, na soka USB, na ɗora mata hedifon a kan ɗankwali, na buɗe kaset na uku gefen B a cikin VLC. Abin da ban sani ba shi ne hedifon mai USB ba kamar mai ɗan ƙarfe ba ne da ke katse lasifika da zarar an soka shi. Shi wata na'urar sauti ce mai zaman kanta, da katin sautinta a ciki, kuma a wannan lokacin kwamfutar ba ta ma gama gane baƙon da ya shigo ba. Sautin sai ya bi tsohuwar hanyarsa. Ga shi tun jiya na bar shi a 100.

Muryar Baba ta cika falon. Ƙasa-ƙasa take, amma kowa ya ji. Ya kira Inna da wani suna da babu ɗayanmu da ya taɓa jin sa, ya sake kira, ya fara wata magana. Bai fi daƙiƙa goma ba, amma na kasa samun linzami, hannuna yana rawa, sai kawai na kifa murfin kwamfutar. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Matata ta tashi kamar an kira ta a kicin. Autata, 'yar shekara biyar, ta maimaita sunan da ƙarfi ta ce, "Abba, wace ce haka?"

Inna ta cire hedifon ɗin a hankali ta ajiye a kan kafet. Ba ta ce komai ba. Ta miƙa hannu, babbar jikarta ta kama ta suka tafi ɗaki.

Da safe na je gaida ta. Ta amsa kamar kullum, har da tambayar makaranta. Sai da na yunƙura zan tashi ta ce, "Ka dawo mini da gwangwanina. Na cikin na'urar kuma ka goge."

Na ce to. Na kai mata gwangwanin. Amma ban goge ba, Allah Ya yafe mini. Na san halin zaren kaset ɗin nan, na gan shi da idona yana zubar da ɓurɓushi mai ruwan ƙasa a cikin na'ura. Wasu daga cikinsu ba za su sake jure wani zagaye ba. In na goge, to an yi wa muryar Baba jana'iza ta biyu.

Kwana tara Inna ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Ƙanwata ta ce da ma 'yar rediyon nan mai memori na saya mata tun farko. Na ce na yi tunanin haka, amma maɓallanta ƙanana ne a jere, ɗaya yana aiki biyu, ka kuskure ka danna na kusa sai wata Baturiya ta yi magana daga ciki ko ka faɗa tashar FM, kuma in igiyar kunne ta zame muryar sai ta fito wa duk gida, abin da ake gudu ke nan. Wayar Inna 'yar ƙarama ce ta amsa kira, tawa kuma da ita nake fita. Na gwada hedifon ɗin ƙanwar tawa mai Bluetooth, shi maɓallansa sun yi aiki, to amma na ƙara sauti shi ne na tsallake waƙa in ka ɗan daɗe a kai, ga caji, ga halin wutarmu. Na gwada daidaita sautin a Audacity yadda raɗa da ƙaho za su zo kusa da juna, na yi gwajin da gefen A, sai ƙarar iska da ta fanka suka taso suka yi wa muryar rumfa, Baba ya koma kamar mai magana a cikin injin niƙa. Na ce garin neman gira kada a rasa ido, na mayar da shi yadda yake.

Na koma kan mai USB, da daddare, ni kaɗai, da karatun Alƙur'ani a matsayin abin gwaji. Na shiga cikin VLC na zaɓi hedifon da hannu a inda ake zaɓen na'urar sauti, karatu ya dawo kunne. Alhamdu lillahi. Na danna maɓallin ƙarawa.

Shiru.

Kai! Na ji kamar in yi jifa da shi. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne maɓallan sauti na jikin kwamfutar suna aiki lafiya lau. Na canza rami, na canza wani, na kai hedifon ɗin makaranta na soka a kwamfutar ofis, maɓallai suka yi aiki nan take. To ashe ba a nan gizo ke saƙar ba, matsalar tana cikin tawa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare na kira ɗalibina, na ba shi haƙuri, ya ce ai bai kwanta ba.

Ya ce maɓallan hedifon mai USB ba sa bin hanyar sauti, su a wurin kwamfuta tamkar wani ɗan ƙaramin allon rubutu ne mai haruffa uku ko huɗu. In ka danna, saƙo ne ke tafiya cewa a ƙara, kuma a cikin Windows akwai wani ɗan aike na musamman da ke karɓar irin wannan saƙo daga na'urorin USB ya isar. Maɓallan jikin kwamfutar tasu hanyar dabam ce, shi ya sa ba su damu ba.

"Malam, danna maɓalli mai tambarin Windows tare da R. Rubuta services.msc. Ka ga wani dogon jeri? Gangara wajen harafin H."

Na sa tabarau na gangara. Human Interface Device Service. A gabansa an rubuta Disabled, wato an kashe shi an kuma hana shi tashi.

Ya ce ya san za a rina. Kwamfutar tawa ta hannu ce, irin wadda ake ce wa Beljiyam, mai Windows 10, kuma masu yi wa irinsu fomat kafin su sayar sukan bi wannan jeri su kashe abubuwa da dama wai don tsohuwar na'ura ta ƙara gudu a gaban mai saye. Wani bawan Allah da ban san shi ba, shekaru kafin wannan dare, ya ga wani suna da bai gane amfaninsa ba ya kashe. Na danna sau biyu, na mayar da shi Automatic, na danna Apply, sannan Start. Na kama ɗan akwatin igiya na danna na sama. Wata 'yar sanda ta bayyana a kusurwar allo ta hagu daga sama, lamba ta tashi daga 40 zuwa 42, zuwa 44. Na yi kabbara har matata ta farka. Na yi wa yaron godiya na kashe waya.

Sai da na natsu na lura da wani abu. Lamba tana hawa, tana sauka, amma karatun da ke kunnena yana nan yadda yake. Na kai ta 100, na dawo da ita sifili, Alaramma bai ko gezau ba. An gudu ba a tsira ba.

Wannan kam ban sake kiran kowa ba, kunya ta hana ni, kuma ina alfahari da cewa ni na gano shi da kaina wajen ƙarfe ɗaya. Na danna hoton lasifika da ke kusa da agogo, sai na ga sunan da ke saman sandar ba na hedifon ba ne, na lasifikar cikin kwamfuta ne. Wato ɗan aiken yana isar da saƙo, amma Windows tana ƙara wa na'urar da ta ɗauka a matsayin ta din-din-din ne, ita kuwa har yanzu lasifika ce. Ni ne na karkatar da VLC ita kaɗai zuwa hedifon, na bar sauran gidan yana fuskantar wancan ɓangare. Na sake danna Windows da R na rubuta mmsys.cpl, wanda na gani a wani bayani da na taɓa karantawa, taga ta buɗe da na'urori biyu. Na danna hedifon da ɓangaren dama na linzami na naɗa shi na din-din-din, koren maki ya koma kansa. Na danna maɓalli, karatu ya ɗaga. Na danna ɗayan, ya sauka.

Ina kallon tagar nan sai wata dabara ta zo mini, wadda ita ce ta fi duk sauran amfani. Na danna lasifikar cikin kwamfuta ita ma da dama, na kashe ta ɗungurungum, kamar yadda wancan bawan Allah ya yi wa ɗan aikena. Na sa karatu, yana tsaka da tafiya na fizge USB. Tsit. Na mayar, na sake fizgewa. Tsit. Na kashe kwamfutar na kunna ba tare da hedifon ba, na buɗe karatu, layi yana tafiya amma ko ƙwaƙƙwaran motsi babu. Na yi wannan ya fi sau ashirin kafin na yarda. Tun daga ranar wannan kwamfuta ba ta sake yin magana a fili ba, yara sun yi ƙorafin kallonsu har sun gaji.

Saura babban aiki. Bayan sallar asuba na shiga ɗakin Inna da kwamfuta a hammata, na durƙusa nesa kaɗan. Na ce mata na yi laifi biyu, na farko ta san shi, na biyu kuma ban goge ba. Ta yi shiru tana jan carbi. Na ce ba na roƙon ta saurari komai, abu ɗaya nake so, ta gwada da karatu ta ga. Da ba ta ce a'a ba, sai na matsa na ɗora mata hedifon, na sa mata igiyar a hannu. Matata ta riga ta ɗiga ɗan gam a kan maɓallin ƙarawa ya bushe ya yi tudu, don yatsa ya bambance shi. Na ga babban yatsanta ya same shi, ya danna, ya koma ɗayan, ya dawo. Na kama hannunta na kai inda USB ya shiga na ce ta zare da kanta. Ta zare. Ta karkata kai tana sauraron ɗakin.

"Mayar."

Na mayar. Ta sake zarewa. Sau uku muka yi haka. Sannan ta shafa sandar makirufo da ke gefen kumatunta.

"Wannan fa? Tana ɗaukar maganar mutum?"

Na ce ba ta ɗauka sai an sa ta, amma bari in ɗage ta sama. Ta ce in ɗage. Na nuna mata dogon maɓallin nan na ƙasan allon rubutu, wanda ya fi kowanne tsawo, na ce in ta danna sau ɗaya zai tsaya, in ta sake zai ci gaba. Na gyara kwamfutar yadda ba za ta yi barci da kanta ba. Na tattara zan fita da ita, sai ta ce, tana kallon bango, "Bar ta nan. Na ɗaya za ka sa."

Haka muke yi har yanzu. Kafin in tafi makaranta zan shiga in gaida ta, ta faɗi lamba, in buɗe in tsayar, in fita. Ba kullum ba, wani lokaci sai a yi mako ba ta nema ba. Sunan nan kuwa babu wanda ya sake furta shi a gidan, har autar, wadda ban san abin da uwarta ta gaya mata ba.

Wata rana, bayan kamar wata biyu, na shiga ɗaukar kwamfutar don in sa ta caji, sai Inna ta ce, "Na tara ɗin nan bai cika ba. Akwai inda ya yi tsalle."

Gabana ya faɗi. Na tara yana cikin biyun da zarensu ya tsinke. Na gaya mata gaskiya, cewa wurin ya cukurkuɗe ya yage, sai da na yanke kamar kamu ɗaya na jefar kafin in liƙe, kuma babu yadda za a yi a dawo da shi. Na fara ba ta haƙuri.

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. "Ba komai. Na san abin da ya ce a wurin."

Ta lalubo igiyar, yatsanta ya sami ɗan tudun gam.

"Ja mini ƙofar in ka fita."